Na San Ƙeyar Ɗana, Ban San Idonsa Ba

Assalamu alaikum Edita da 'yan'uwana masu karatu. Na daɗe ina bin labaran mata a wannan shafi, ina karantawa a hankali da yatsa a kan layi, don karatuna bai yi nisa ba. Yau ga nawa na kawo. Ku yi haƙuri da rubutuna, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba.

A lokacin da abin ya faru shekaruna ashirin da takwas, ina da 'ya'ya uku, muna haya a wani gida a Gawon Nama cikin garin Sakkwato. Maigidana mahauci ne, yana da teburin nama a kasuwa, wani lokaci kuma yakan bi motar shanu zuwa Kudu. Ni a aji huɗu na firamare na tsaya, sanda mahaifinmu ya kwashe mu muka koma ƙauye noman gero, Islamiyya kawai na ci gaba da zuwa. Kuma Allah Ya yi ni mace mai tsoro. Yaro ya yi tari sau ɗaya, abinci ya fita raina. In na ji ƙarar birki a bakin titi sai na leƙa tsakar gida na ƙirga kawunansu, ko da na san suna nan. Maƙwabta na cewa ba abin da ke wuce idona, ko tururuwa ta sauya hanya a jikin bango sai na lura. Ni ma haka na ɗauki kaina.

Sai dai akwai mutum ɗaya da idon nan nawa ba ya sauka a kansa, shi ne ɗan farina. A gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Kakar da ta raine ni Bafillatana ce, har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta kama sunan babban ɗanta ba, kuma haka aka ɗora mu. Da aka zo yaye shi mahaifiyata ta tafi da shi ƙauye, bai dawo hannuna ba sai da ta rasu, yana ɗan shekara shida. Ya dawo yana kira na Adda, yadda ya ji ƙannena suna kira na, ƙannensa kuwa Inna suke ce mini. Ba na faɗin sunansa, ba na zama tabarma ɗaya da shi, ba na kallon tsabar fuskarsa. In zan ba shi abinci ƙanwarsa nake miƙa wa in ce ta kai wa wancan. Wallahi ba ƙi ba ne. In ya juya baya zai fita nakan bi shi da kallo har ya sha kwana, na san wani ɗan tabo a ƙeyarsa kamar yadda na san tafin hannuna. Surukata ma yabona take a gaban mutane, tana cewa ta samu suruka mai kara.

Wata rana da hantsi ɗan kabu-kabu mai babur ya kaɗe 'yar maƙwabciyarmu a babban titin da yaranmu ke tsallakawa zuwa makaranta. Yarinyar ta rayu, amma na ga rigar makarantarta da aka kawo gida. Tun daga ranar na kasa sakin nawa. Na ce wa maigida ni zan koya musu Turanci da lissafi a gida, Islamiyya kuwa a layinmu take ba tsallaka titi. Dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce to Malama, wace jami'a kika gama ba a gayyace ni walima ba? Na yi ta kuka ina roƙo har ya gaji ya ce in gwada. Surukata da ta ji ta ce ikon Allah, makaho zai ja makafi, ta sa mini suna Hedimasta. Matan gidan hayarmu kuwa kullum in sun wuce sai su tambaye ni ko an fara ɗaukar sababbin ɗalibai.

Ban bari maganarsu ta karya ni ba. Na fasa tsohon batir na haɗa baƙinsa da gawayi na shafe bangon da ke kusa da madafi, ya zama allo. Na sayi alli. Kowace safiya kafin in ɗora koko sai in kalli darasi a waya, in maimaita har ya zauna, sannan in koyar da shi kafin in manta. Taki ɗaya kawai na fi su, wani lokaci ma ba na fin su. Da yake shekarunsu ba ɗaya ba, sai na raba bangon gida uku. Ƙasa na autana ne ɗan shekara huɗu, manyan baƙaƙen ABCD da ɗaya zuwa goma. Tsakiya na 'yar shekara bakwai, tarawa da ɗebewa da ƙananan kalmomi. Can sama na babban, ɗan shekara goma, sau da rabawa da jimlolin Turanci. Nasa ya fi yawa, wurin kuma ya fi ƙanƙanta, don haka nakan hau kujera 'yar tsugunne in rubuta shi siri-siri.

Autan a cinyata yake zama, ina riƙe da hannunsa muna ƙirga ƙwallon dabino. Macen tana gefena kafaɗa da kafaɗa. Shi kuwa babban, ba wanda ya ce masa ya yi nisa, shi ya san matsayinsa. Ya kifa tsohon turmi a gindin dogonyaro, can bayana, nan ya zama mazauninsa. Kuma da yake ban san wata hanyar koyarwa ba sai ta Islamiyya, haka na yi: in faɗa, su amsa gaba ɗaya da ƙarfi. Tu tayims tu, fo. Tu tayims tiri, sikis. Har bakin titi ana jin mu. Muryar babban ta fi ta kowa, ko sau ɗaya ba ya kuskure, komai na faɗa sau biyu ya haddace. Ina juya tuwo ina jin muryarsa a bayana, raina fari tas, amma ban taɓa juyowa na nuna masa ba.

Matsala ta fito ne sanda na fara cewa kowa ya kwafi nasa daga bango ya yi shi kaɗai. Macen takan gama ta kawo. Na babban in ƙanwarsa ta miƙo mini sai in ga shirme. Inda na rubuta takwas ya sa uku, inda na sa bakwai ya sa ɗaya, layi yana hawa kan layi. Abin ya ɗaure mini kai, yaron da ke rera jadawalin tara kamar ruwa. Na ce wasa ne ya yi masa yawa. Na ce wa ƙanwarsa ta gaya wa wancan in bai natsu ba zan haɗa shi da babansa, alhali yana zaune yana ji. Wata rana na ba shi wayar ya kalli darasin da kansa, da na waiga na ga ya manna ta a hancinsa, sai na sa aka karɓe, na ce zai lalata idonsa. Ku ji fa, zai lalata idonsa.

Damina ta wuce, aka yi girbi, abu bai sauya ba. Ƙanwarsa ta kamo shi a lissafi har ta wuce. Surukata ta zo ta tarar da ita tana gyara masa aiki, ta ce to Hedimasta, ga ƙanƙanuwa ta zama malamar yayanta, wannan makaranta taki da baya take tafiya. Maganar ta ƙona ni. Na ji tsoron a ce ni ce na kasa, sai na riga kowa yanke hukunci. Da maigida ya dawo daga Kudu na ce masa yaron nan kansa ba ya ɗaukar boko, baki ne kawai da shi kamar aku. Ya ce ba komai, ai ba kowa ne ɗan biro ba, shi ma da wuƙa ya ci abinci kuma bai taɓa roƙon kowa ba. Ya ce daga gobe ya bi shi kasuwa ya koyi sana'ar gidansu. Da safe na ga yaron ya tsaya a gaban bangon, kusa ƙwarai har goshinsa na neman taɓa shi, ya ɗaga kai yana kallon sashensa. Na ɗauka bankwana yake yi da allon. Na kawar da kai.

Bai daɗe da fara zuwa kasuwa ba, wata rana wajen azahar maigida ya kira ni a waya ya ce in same su a asibiti, yaron ya sare hannunsa. An ba shi ya daddatsa ƙashi, ya sauke wuƙar a kan yatsunsa na hagu. Ban san yadda na tsallaka titin nan da nake tsoro ba. Na tarar ana ɗinke shi, Allah Ya taimaka yatsun ba su fita ba. Nas ɗin da ke ɗinkin, wata dattijuwa mai barkwanci, tana ta jan shi da wasa don ya daina kuka, tana ce masa Sarkin Fawa guda da hawaye. Ta ɗago haɓarsa za ta share masa fuska, sai ta daina dariya. Ta juya shi wajen taga ta sake dubawa. Ta ce wace ce uwarsa? Na ce ni ce. Ta ce in matso in gani. Na tsaya ina jan mayafi, ta daka mini tsawa ta ce baiwar Allah, ɗanki ne ko na aro?

Ranar na fara kallon cikin idon ɗana tun yana jariri. A tsakiyar baƙin idonsa na hagu akwai wani fari-fari kamar an ɗiga nono a ruwa. Na dama ma ya fara yin hazo. Shi kuma ya ƙura mini ido a tsorace, ina jin bai taɓa ganin fuskata kusa haka ba.

Aka tura mu wurin likitan ido. Ya ce yanar ido ce ta rufe masa gani, kuma yara ma suna samunta. Ya tambaye ni yaushe na fara ganin farin nan. Ya sake tambaya, ko malamansa na makaranta ba su ce komai ba? Nan maigida ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Yaron ne ya amsa da kansa, ya ce a makaranta malamarsu a bencin gaba take zaunar da shi, lokacin yana gani in ya rufe ido ɗaya. Likita ya ce za a yi aiki a cire yanar duka biyu, na dama akwai kyakkyawan fata, amma na hagu ya daɗe a rufe har ya saba da rashin gani, kada mu sa rai sosai. Ya ce da an kawo shi da wuri da magana ta bambanta. Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi ma da ya fi mini sauƙi.

Da muka koma gida abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Yadda yake zuba ruwa gefen kofi. Yadda yake tuntuɓe da buta a tsakar gida, ina cewa rawar kai ce. Yadda yake karkata wuya in yana tafiya, abin da na sha gani ta baya ina cewa gadon tafiyar babansa ce. Duk na gani, ni mai lura da tururuwa. Sai ƙanwarsa ta zo ta raɓe a jikina tana kuka, ta ce Inna ita ta sani tuntuni. Ta ce in na shiga madafi takan karanta masa abin da ke sama a hankali ya rubuta, ranar da na hana ta tashi daga gefena ne yake yin shirme. Na ce don me ba ki gaya mini ba? Ta ce Yaya ne ya hana, ya ce Adda ba ta son a yi mata maganarsa.

An yi aikin. Ranar da za a buɗe masa bandeji ɗakin cike yake, ga babansa, ga surukata, ga ƙannen babansa. Aka cire, ya riƙa ƙifta ido yana juya kai, bai san inda zai duba ba. Sai na ji bakina ya kira sunansa, da ƙarfi, a gaban kowa. Surukata ta buɗe baki za ta yi magana, ta fasa. Shi kuwa ya juya wajen ƙofa yana neman wadda ta kira shi, don bai san yadda sunansa yake a muryata ba. Sai da na sake kira, sannan ya juyo ya ce, Adda, ni?

Yanzu yana sanye da tabarau mai kauri, da idon dama yake karatu. Na hagu haske kawai yake gani da inuwar mutum, kuma yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa sosai. Na mayar da su makaranta duka, ni nake riƙe hannunsu in tsallaka da su titi safe da rana, gabana na faɗuwa amma ina tsallakawa. An mayar da shi aji ɗaya da ƙanwarsa, yara na tsokanarsa, ba ya kawo ƙara. Bangon yana nan, da yamma muna bitar abin da aka koya musu, shi ne yanzu a gefena. Bai taɓa ce mini na cuce shi ba, har yau kuma Adda yake ce mini, ban ga ina da bakin cewa ya sauya ba.

Ban rubuto don in zagi al'adarmu ba, kunya abu ne mai kyau kuma da ita aka raine ni. Ban kuma ce koyar da yara a gida laifi ne ba. Amma ni na raba ɗana da malamar da ke kallon fuskarsa kullum, na kawo shi gaban wadda ba ta iya kallonsa, sannan na ce shi ne daƙiƙi. 'Yan'uwana mata, in za ku zama malaman 'ya'yanku, kada ku auna karatu da ƙarfin murya, ku zaunar da kowane yaro shi kaɗai ku ga abin da yake iyawa. In yaro mai ƙoƙari ya fara shirme, ku kai a duba idonsa da kunnensa kafin ku sa masa suna. Wadda kuma ke kunyar ɗan farinta, ko ba za ki iya kiran sunansa ba, ki kira shi yau ki zaunar da shi a wurin haske ki dubi fuskarsa da kyau. Mutanen da ke yaba miki kara ba su ne za su zauna da ido ɗaya ba. Ku sa ɗana a addu'a, Allah Ya bar masa na daman.