Kujerar da Take Ja da Baya

Shekara ashirin da biyu muka yi aiki a makaranta ɗaya, ni da ita. Ni ce mai shara da goge ajujuwa, ita kuma malamar ajin manya, inda ake koya wa ɗalibai sana'a kafin su fita. Makarantar ta masu buƙata ta musamman ce. Akwai kurame, akwai waɗanda fahimtarsu ke tafiya a hankali, akwai waɗanda ba sa son hayaniya ko a taɓa su. Kowa Malama yake ce mata. Ni kaɗai nake ce mata Mai Kujera, ita kuma ta ce mini Uwar Tausayi, kuma ba yabona take yi ba.

Ranar da muka fara magana faɗa muka yi. Na ga wani ɗalibinta yana fama da igiyar takalmi, ya murɗa nan ya murɗa can, ita tana zaune kusa da shi ta zuba masa ido. Na jingine tsintsiya, na durƙusa na ɗaure masa. Ta bari sai da ya tafi, sannan ta ce, "Baiwar Allah, gobe ma za ki bi shi gida ki ɗaure masa?"

Na ce, "Ke ba ki da tausayi ne?"

Ta ce, "Ina da shi mana. Ga shi nan na zauna a kansa."

Na duba, ashe kuwa a kan hannayenta take zaune, ta danne su da cinya.

Da muka saba, har ta kai muna shan shayi a kofi ɗaya a bayan ajinta, sai ta ba ni labarin ƙanenta. Shi ma fahimtarsa a hankali take. Mahaifiyarsu ta so shi ƙwarai, ita ke masa wanka, ita ke ɓalla masa maɓalli, har ya kai shekara talatin. Washegarin rasuwar tsohuwar aka same shi zaune a bakin gado da rigarsa a hannu, yana jiran mai sa masa. Ta ce, "Kuma zai iya fa. Cikin wata biyu na koya masa. Mu muka hana shi, don muna son sa." Abin da ya sa ta ajiye ɗinkin da take yi ta koma karatun koyarwa ke nan, alhali tana da 'ya'ya uku.

Na san ajinta fiye da ɗakina, don ni ke goge shi. Tebur uku ne dogaye, da dutsen guga biyu, da keken ɗinki, da wurin wanke kwanuka. A bango ta jera hotuna, kowane aiki da matakansa: ga hannu yana jona waya, ga hannu yana shimfiɗa riga, ga hannu yana zare wayar in an gama. Amma takan ce aikin hannu shi ne mai sauƙi, abin da ke sa a sallami mutum daban ne. Don haka takan koya musu tashi da ƙararrawar waya, da gaida mai gida, da gane motar da za su hau. Sannan akwai maganganu uku da sai kowa ya iya su, da baki ko da hannu: "Ban gane ba, a sake faɗa mini." "Na gama, me zan yi kuma?" "Na yi kuskure." Ta ukun ita ce mai wuya. Takan ce ko mu masu ganin kanmu da wayo ba mu iya ta ba.

Sai kuma kujerar. Koriya ce ta roba, ƙafarta ɗaya ta tsage an ɗaure da waya. In ta samo wa ɗalibi wurin gwaji, a shago ko a ɗakin girki ko a wurin wankin mota, sai ta ɗauki kujerar ta bi shi. Makon farko tana zaune dab da gwiwar hannunsa. Mako na biyu ta koma bakin ƙofa. Na uku ta fita waje gindin taga. Na huɗu ta tsallaka titi, inda zai iya hango ta amma ba zai ji muryarta ba. Daga nan sai gida. Ƙa'idarta ita ce in ɗalibi ya rikice, sai ta ƙirga ashirin a zuci kafin ta motsa. Ta ce yawancinsu a kan goma sha biyu suke samo hanya.

Mijinta bakanike ne, mutum mai barkwanci. In na je gidansu yakan ce, "Ƙawar gida, ki yi mini shaida. Kujerar nan ta fi ni zaga gari da matata." Ita kuma ta ce, "Kai ma na ja maka kujera tun tuni, shi ya sa ka iya dafa shayinka." Sau biyu ya saya mata sabuwa, ta ƙi. Ta ce ɗalibai wannan suka sani, suna gane ta daga nesa.

Ba duka suka dace ba, ba zan yi ƙarya ba. Akwai wanda ya yi wata uku ya dawo, akwai wadda iyayenta suka ce ba za ta fita ba. Amma in muna tafiya cikin gari sai ka ji an ƙwala "Malama!" daga bayan kanta, ko wani ya ɗago mata hannu da kumfa a jiki. Ranar sai ta yini tana waƙa, ga muryar ba daɗi.

Ɗalibarta ta ƙarshe ita ce Auta. Auta ce a gidansu, sunan kuma ya bi ta makaranta. Shekararta ashirin, gajera, mai yawan dariya, in ta ninke zanen gado kamar da ma'auni ta yi. Matsalarta ɗaya ce: in ta yi ɓarna sai ta ɓoye. Ta taɓa fasa kofi ta zuba gutsattsarin a jakarta ta kai gida. Mahaifiyarta ta rasu, babanta direba ne da tsufa ya fara kamawa, kuma kullum maganarsa ke nan, "Malama, in na faɗi, wa zai riƙe ta?" Malama ta ce, "Ita za ta riƙe kanta, ku kuma ku taya ta."

Ta samo mata gwaji na wata ɗaya a wani shagon wanki da guga mai ƙofar gilashi. Mai shagon ba mugu ba ne, amma bai ɓoye ba. Ya ce, "Malama, na yarda da wata ɗaya. In ya cika ba ta iya aiki sai da mai gadi, zan nemi wata. Kayan mutane ne."

Mako biyu suka tafi lafiya. Ranar ƙarshe ta mako na biyu Malama ta faɗi a bakin ƙofar shagon. Ashe ta daɗe da ciwo a ciki, ta ɓoye wa kowa, har ni. Da na je asibiti na ce, "Ke mai koya wa mutane su daina ɓoye-ɓoye?" Ta yi dariya har sai da ta riƙe ciki. Ta ce, "Na yi kuskure. Kin ji, na faɗa." Sannan ta kama hannuna. "Saura mako biyu. Kin ajiye aiki, ba abin da kike yi sai gulma. Ki ɗaukar mini kujerar. Gindin taga, a waje. Kin ji ko? A waje."

Na ce na ji. Da safe na ajiye kujerar a gindin taga kamar yadda ta ce. Amma ranar kaya sun yi yawa, wani masauki ya aiko da zannuwan gado kwando huɗu. Na leƙa na ga Auta ita kaɗai a gaban tulin, gumi na zubo mata. Zuciyata ta ƙi. Na ce bari in kama mata ƙarshen zane ɗaya kawai. Daga ɗaya sai biyu, kafin azahar kujerar na ciki, ni ke ninkewa, Auta kuma ta koma gefe ta harɗe hannu tana kallona tana murmushi. Mai shago ya wuce ya dube mu.

Da la'asar na je asibiti ina jin kaina kamar na yi abin kirki. Na zauna, na gyara mata matashi. Ta kama hannuna ta kai hanci.

"Uwar Tausayi, me ya kai hannunki cikin sitaci?"

Na ce, "Ai ɗan kama mata na yi."

"Ke ya ɗauka aiki ko ita? Da gwiwoyin nan naki?" Ta ɗan huta, don magana ta fara yi mata nauyi. "Yau kin nuna masa ba za ta iya ba. Ita ma kin nuna mata. Don Allah, ƙawata, ki so ta daga waje."

Na koma gida ina kuka, rabi na kunya, rabi na ganin yadda zobenta ke yawo a yatsa. Washegari na ajiye kujerar a waje, na zauna a kan hannayena. Auta ta fito sau uku tana cewa, "Inna, ki zo mana." Na ce, "Gwiwata ke ciwo, 'yar nan, je ki yi." Ba ƙarya na yi ba. Ta tura baki, ta koma. Kafin ƙarshen makon ta daina fitowa.

Malama ta rasu a farkon mako na huɗu, da hantsi, mijinta na riƙe da ita. Allah ya jiƙanta. Baban Auta ya ce ta zauna gida ta huta kwana biyu. Ya gaya mini da safe ya same ta ta yi shiri, ta ce, "Baba, waya ta yi ƙara." Ni ma ban so fita ba, amma na ɗauki kujerar na tsallaka titi, na zauna a inuwar wani bango kusa da inda motoci ke tsayawa. Daga can ana ganin teburin guga ta gilashi.

Ana saura kwana ɗaya watan ya cika abin ya faru. Auta tana goge wata farar riga ta maza. Na ga ta ɗago kai ta kalli bakin ƙofa, daidai inda Malama ke zama, ta tsaya haka, dutsen na kan rigar. Ina gani, ba na iya kira. Da ta ankara ta ɗaga, ko daga inda nake na ga shatin dutsen, ja-ja a kan kafaɗa.

Ta waiga. Mai shago na ciki wajen injina, bai gani ba. Ta kalli kwandon da ke ƙarƙashin tebur. Sannan ta kalle ni.

Wallahi ƙafafuna har sun tashi da kansu. Na tura hannayena ƙarƙashin cinya, na fara ƙirgawa. Goma sha biyu ta wuce. Ashirin ta wuce, Auta ta dunƙule rigar a ƙirji. Bisa ƙa'idar Malama ina da izinin tashi, amma na san in na tsallaka ni zan yi maganar, kuma shi ke nan. Na ci gaba. Wata mata da ke jiran mota ta ce, "Mama, lafiya kike motsa baki?" Na ce, "Lafiya lau, 'yata," hawaye na bin fuskata.

A kan arba'in da ɗaya Auta ta sunkuya ta zare wayar dutsen daga bango, kamar hoton da ke ajinsu. Ta warware rigar, ta riƙe ta da hannu biyu, wurin ƙunar na gaba, ta shiga ciki.

Ban san tsawon lokacin da suka yi ba. Can sai ga mai shago ya fito, ya tsallako har inda nake, rigar a kafaɗarsa. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Mama, shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a. An ƙona mini riguna ba iyaka. A ƙasan kwando nake tsintarsu, ko mai kaya ya dawo mini da su yana zagina a gaban mutane. Yau ne karon farko da wanda ya ƙona ya kawo mini da hannunsa. Ta ce, 'Na yi kuskure.' Na ce to. Sai ta ce, 'Me zan yi kuma?'" Ya yi dariya, ya share ido da gefen rigar. "Zan kira mai ita in gaya masa gaskiya. Ita kuma tawul da zanen gado za ta riƙe tukuna, fararen riguna sai gaba. Ki gaya wa babanta na ɗauke ta aiki."

Da aka tashi Auta ta tsallako, ta duba hagu ta duba dama yadda aka koya mata. Ta tsaya a kaina ta ce, "Inna, gobe kar ki zo."

Na ce, "Korata kike yi, ja'ira?"

Ta ce, "Malama ta ce in kujera ta tsallaka titi, saura gida." Ta ɗauke ta da kanta ta sa mini a mota.

Na kai wa bakanike kujerar, ya ce, "Ƙawar gida, riƙe ta. Ni da ita ba ma shiri." Tana nan a ɗakina, a kanta nake shan shayi, wayar ƙafar ta sake kwancewa na ɗaure da kaina. Shekara biyu ke nan. Auta ta koma kan fararen riguna tun bara, babanta kuma ya daina yi wa kowa waccan tambayar.

Motar da nake hawa zuwa kasuwa ta gaban shagon take bi. Nakan zauna ta gefen taga. In mun zo daidai nakan gan ta ta gilashi, ta naɗe hannun riga, kanta na kan aiki, ba ta ɗagowa. Ni ma ba na sauka.