Kilabiyen da Ba Ya Ƙara

Shekarar da soja suka ce za su mayar da mulki hannun farar hula, kowa a Gidan Rumji ya tashi yana neman takarda. Wanda bai taɓa sanin shekarunsa ba yana son takardar haihuwa. Wanda jiya yake auna gero a kasuwa yau yana son zama konseye, wato kansila. Mata masu matsar man gyaɗa sun kafa ƙungiya, suna son a buga musu dokokinta. Duk wannan hayaniya a kan teburina take ƙarewa, don ni ce mai buga wa mutane takardu a wata 'yar rumfa daura da buro, ofishin hukuma. Kuma a shekarar ce hannuna na dama ya ce ya gaji.

Tun ina budurwa nake kan mashin ɗin buga takardu, irin na ƙarfe mai ƙararrawa. Shi ba dannawa ake yi masa ba, duka ne. Takarda huɗu ce a ciki da karbon a tsakani, in ba ki sa ƙarfi ba kwafin ƙarshe ya fito fari fat. Haka na yi ta dukansa har gaɓoɓin yatsuna suka kumbura, da safe sai na jiƙa su a ruwan ɗumi kafin su yarda su miƙe. Likita ya murza hannun, ya ce in dai ina son sa, in rabu da mashin. Na ce masa to ya fita ya gaya wa masu takara su janye. Bai yi dariya ba, ni ma da na dawo gida ban yi ba, don ban iya wata sana'a ba.

Ƙanena da ke aiki a Maradi ne ya samo mini tsohuwar kwamfuta, da injin da ke fitar da takarda. Sai dai kilabiyenta, wato faifan haruffan da ake dannawa, rabin haƙoransa sun zube. Ranar kasuwa na je wajen wani ɗan kasuwa mai shigo da tarkacen lantarki daga ƙetaren iyaka a bayan moto, wato babur. Ya zazzage mini buhu guda a kan tabarma. Na zauna na miƙe ƙafa, ina ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan cinya, in rufe ido in buga gaisuwar da ake fara wasiƙar buro da ita, wadda yatsuna suka haddace. Wani yana rawa, wani yana maƙalewa, wani an jera masa haruffa irin na mutanen Najeriya, hannuna ya ɓata a kansa. Akwai wani tsoho mai nauyi, farinsa ya koma ruwan ƙasa, ina taɓa shi ya kama ƙara kamar ana ɓarar gyaɗa. Na ture shi gefe. Sai na kai ga wani baƙi siriri. Wallahi ban san na danna ba sai na ji ya sauka, ga taushi kamar kunnen ɗan akuya, kuma ko motsinsa ba a ji. Na rungume shi na taho.

Satin farko na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Ina bugu tun safe har la'asar, hannu lafiya lau. Har na fara yi wa likita addu'a.

Daga nan bencin da masu kawo aiki ke zama ya fara zama wayam. 'Yan gari masu boko suna zuwa, amma mutanen ƙauye, waɗanda su ne rabin aikina, sai su leƙo mu gaisa, su tambayi maigida da yara, su wuce. Ina kallonsu suna tafiya gindin bedi, wato itacen dogon yaro, wajen wani tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya, mai bugu da yatsa biyu a kan mashin da ya girme shi. Wasiƙar da zan gama kafin shayi ya huce, shi sai ya kai azahar yana ƙwanƙwasa ta, amma layi a gabansa yake.

Abin ya hana ni zama. In tashi in share rumfa, in zauna, in sake tashi in gyara bencin da babu kowa a kai. Na ce siyasa ce. Na buga wa wani ɗan takara dosiye, takardun tsayawa zaɓe, ƙila an ce ni tasu ce. Na cire kalandar da ke bango don launinta. Na daina ɗaura wani kallabi da nake so, saboda ya yi kama da tutar wata jam'iyya. Na yi faɗa da maigidana a kan wani taron da ya je, alhali shinkafa kawai ta kai shi. Duk a banza, benci bai cika ba, ni kuwa haushi kamar ya kashe ni.

Wani dattijo daga wajen Sae Sabuwa ne ya warware mini. Ya daɗe yana kawo mini aiki, kuma duk ranar kasuwa a amalanken jaki yake shigowa. Wannan karon maganar gonarsa ce: makwabcinsa ya matsar da iyaka, yana son a rubuta wa hukuma kafin shuka ta sauka. Ya zauna, ya jingina sandarsa, ya fara. Ya faɗi jimla ɗaya, ya karkata kunne, ya yi shiru. Na riga na buga, ina jiransa. Shi ma yana jirana.

"Baba, ci gaba mana," na ce.

"Ke nika jira, ɗiyata. Sa wagga tukuna."

"Ai na sa."

Ya dube ni, ya dubi hannuna. Ya ƙara faɗin wata, mai tsawo, har da sunan kakansa da ya sare dajin da kukar da aka yi shaida da ita. Ya sake karkata kunne. Na ce na sa. Sai ya jawo sandarsa ya ɗora a kan gwiwa.

"Ɗiyata, ban ce kina cuta ta ba. Amma na yi magana mai tsawo, ban jiya ta shiga ba."

Raina ya ɓaci. Na juya masa gilashin kwamfuta, na ce ga ta nan layi-layi. Ya ce shi da gilashin duk ɗaya, bai yi lakol ba, bai iya karatun boko ba. Na karanta masa daga farko har ƙarshe. Ya gyaɗa kai.

"Kina da kai, na sani. Mutum mai kai shina iya maida mini maganata ko bai rubuta ba. Da, in na hwaɗi gajera, in ji ƙara gajera. In na hwaɗi doguwa, in ji doguwa, ƙararrawa ta buga, in san ta zamna. Yanzu gona ce zan ba ki a hannu, kuma ba ni jin komi."

Na sauke hannuna daga kan kilabiyen. Shekara da shekaru ina bugu a gaban mutanen nan, ban taɓa lura da cewa da kunne suke karanta abin da nake rubutawa ba. Shirun da suke yi bayan kowace jimla, ni na ɗauka tunani suke. Kunya ta kama ni, irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai ajiye ido. Ya yi mini sallama cikin mutunci, ya ce zai zaga kasuwa, in ya so ya leƙa gindin bedi.

"Baba, don Allah ka ba ni zuwa la'asar," na ce.

Ko rumfar ban rufe ba na nufi kasuwa, ina tafe ina faɗa da kaina. Na san abin da likita ya ce. Na san tsohon kilabiyen nan mai nauyi bai kai mashin tauri ba, amma na taɓa shi, na san sai an sa masa ƙarfi, kuma na san hannuna: in ya ji ƙara ba ya iya yin a hankali. Sau biyu ina juyawa. Mai tarkace yana ganina ya fara dariya.

"Hajiya, baƙin ya mutu ne?"

"Lafiyarsa lau. Ina tsohon nan mai surutu?"

"Wanda kika ture da ƙafa? Shi nake danne tabarma da shi kada iska ta ɗauka."

Na ɗora shi a cinya na buga layi guda. Mai sayar da barkono da ke can gefe ya waiwayo. Na ce a naɗe mini.

Da la'asar dattijon ya dawo. Na goge abin da na buga da safe, muka fara daga farko. Ya faɗi gajera, ta yi ƙara gajera. Ya faɗi ta kakansa da kukar, na bi ta har ƙarshe, rumfa ta cika da ƙwanƙwasa, na buga babban maɓallin gefe da ƙarfi a madadin ƙararrawa. Ya lumshe ido.

"Yawwa. Ta zamna."

Bai nemi in karanta masa ba. Ya dangwala yatsa, ya ninke takardarsa ya sa a aljihun ciki. Kafin kasuwa biyu benci ya cika, har ana tsayuwa a rana. Na buga takardun haihuwa, na buga dosiyen waɗanda daga baya suka ci zaɓe da na waɗanda suka faɗi. Ƙanena ya zo ya ga baƙin kilabiyen a cikin kwali, ya yi ta faɗa, ya ce ni ce mutum ta farko da ya gani an ba ta sauƙi ta mayar. Na ce ya zauna a benci yini ɗaya ya saurara, sannan mu yi magana.

Ana saura 'yan kwanaki zaɓe na dawo gida bayan magariba, aka ajiye tuwo da miyar kuka. Na wanke hannu, na kai shi cikin kwano, na yanko, yatsun suka ƙi rufuwa su dunƙula loma. Na sake gwadawa, tuwon ya zame ya koma. Maigidana yana kallo, ya tashi da kansa ya shiga ɗaki ya kawo mini cokali. Da shi nake cin tuwo har yau.