Adda Habsatu, Wadda Ta Shigar da Mu Ɗakin Karatu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris 2017, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Hajiya Habsatu Bilya, mai kula da ɗakin karatu na jama'a a unguwarmu nan Garwa. Mu dai Adda muke ce mata.

Adda, ni ne Shu'aibu tela, gurgun nan mai keke. A shekarar 1998 na fara zuwa wurinki neman littafin yankan tufafi. Matakala bakwai ne a ƙofar. Na bar kekena a ƙasa na hau da rarrafe, ɗalibai suna kallona. Kin ba ni littafin, kika ce, "Malam, ka yafe mana. Ba za ka sake hawa haka ba."

Na ɗauka daɗin baki ne. Ashe wasiƙa kika dinga rubuta wa ofis har shekara biyu, kullum a ce ki dakata. Da kika gaji, kika kira Édouard magini, kika sayar da awakinki biyu aka sayi siminti, aka yi gangara a gefen ƙofa. Shugabanki ya aiko miki da takardar gargaɗi, wai kin taɓa ginin gwamnati ba izini. Kika je da kanki kika ce masa da Faransanci, "Misye, ka zo ka hau keken Shu'aibu ka gwada shiga ta matakala, in ya yiwu sai a rushe gangarar." Bai zo ba, ba a kuma rushe ba.

Makafi ma ba ki manta da su ba. Kowace Asabar kina karanta musu littafi da Faransanci, ki fassara da Fillanci da Hausa, rediyo tana ɗauka a kaset. Direbobin tasha suna kai kaset ɗin zuwa garuruwan Pitowa da Lagdo. Kaset ɗin nan ne Madam Rosalie, wata makauniya a Pitowa, ta yi shekara uku tana saurare har ta ci jarrabawa. Yau ita ke koyar da makafi rubutunsu na taɓawa. Ba ki taɓa tambayar kowa masallaci yake zuwa ko coci ba.

Kina da faɗa, wannan kowa ya sani. Na taɓa mayar da littafi da ɗigon man keke, kika wanke ni tas a gaban mutane. Na koma gida ina murna, don yadda kike yi wa masu ƙafa haka kika yi mini.

Ranar jana'izarki kekunan guragu ashirin da uku suka bi gawarki har maƙabarta, sai da motoci suka tsaya mana.

Allah Ya jiƙanki, Adda, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka kabarinki. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki Alhaji Isa, da 'ya'yanki Aminatu da Mairamu, da dukan dangi. Allah Ya ba ku haƙuri, mu ma ku yi mana ta'aziyya, don tare muka yi rashin. Amin.