Boris Mara Lamba

Shan inna ya kama ni tun ina goye, don haka ban san tsayuwa ba. Da rarrafe na yi makaranta, da rarrafe na koyi buga tafireta. Sai da na kama aiki a wani ofishin gwamnati a Doka na samu keken guragu. Wani Bature ne da zai koma gida ya bar mini na marigayiya matarsa. Daga ranar na zama mutumin da ake miƙa wa hannu ba sai an sunkuya ba.

A daminar shekarar da aka yi ta sallamar ma'aikata, ƙaramar tayar gaba ta hagu ta fara kuka. Muna zaune a Unguwar Rimi lokacin, a ɗakunan bayan gidan wani babban ma'aikaci, hanyarmu kuwa jar laka ce. Na ɗiga mata man keken ɗinkin matata, ta yi shiru kwana biyu, ta dawo da karkarwa. Wata safiya a bakin kwalbati ta cije, keken ya juya ya kife da ni cikin ruwa.

Akwai wani dattijo Bazamfare mai gyaran keke a gindin mangwaro kusa da mu. Ya kwance tayar, ya buga boris ɗin da ke cikinta, wato zoben ƙarfen da take juyawa a kai, ya fito, 'ya'yansa suka zube a ƙasa duk sun yi tsatsa. Ya wanke zoben da kananzir, ya daɗe yana juya shi a hasken rana.

"Malam, wanga boris ba shi da lamba," in ji shi.

Na ce ban gane ba. Ya ce kowane boris akwai lamba a gefensa, ita ake faɗa wa mai kanti. Nawa kuwa sumul yake. Ya ciro na ɗaya tayar ko za a dace, shi ma haka. Sai ya karyo tsinken tsintsiya ya auna faɗin zoben, da raminsa, da kaurinsa, ya yanke kowane tsinke daidai, ya ɗaure su da zare.

Da kansa ya zaga shagunan kayan gyara, ya dawo da yamma hannu rabbana. Wannan ya yi girma, wancan ƙarfen tsakiya ba ya shiga. Wani mai kanti ya gaya masa awon inci ne, kasuwa kuwa yanzu ta cika da na milimita, sai dai a gwada Kano. Maƙwabcinmu direban babbar mota ne, Bakatsine. Ya karɓi tayar da ƙarfenta da tsinkayen, ya ce zai duba in ya sauke kaya. Bai ce ga ranar dawowa ba.

Keken ya zauna a lungun ɗaki da ƙafa uku.

"Maigida, ka aika a ce ba ka da lafiya mana," in ji matata.

Na ce, "Rashin lafiya na cikin dalilan da ake sallamar mutane."

Kullum da yamma mukan kasa kunne ga rediyo don jin waɗanda aka sallama, kowa a gidan nan haka yake yi, har mai gidan. Matata ta nemo tsohon bargo ta yanka, ta ɗinka mini abin ɗaurawa a gwiwa. Takalman katakon da nake sawa a hannu tuni na jefar da su, sai na sa silifas ɗinta.

Tasi ta sauke ni a ƙofar ofis. Daga nan zuwa ɗakinmu akwai fili da doguwar baranda, ban taɓa lura da tsawonsu ba. Ina tsakiyar filin, da farar rigata a tattare, wani baƙo da ya zo bin takarda ya wuce ni, ya dawo, ya ajiye kwabo a gabana ya ce in yi masa addu'a. Masinjanmu ne ya zo ya ɗauke kwabon, ya bi shi ya mayar masa.

A baranda na ci karo da shugabanmu. Na ce, "Ranka ya daɗe." Ya amsa yana kallon bango, ya raɓa gefe kamar mai tsoron taka wani abu. A cikin ɗaki mutum biyu suka ɗaga ni suka ɗora a kujera. Babu wanda ya yi dariya. Da ma an yi, da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya fi wuya shi ne banɗaki, ƙasansa kullum a jiƙe. Na daina shan ruwa daga safe har a tashi. Alwala kuwa masinja ke kawo mini buta bakin baranda. In na koma gida gwiwoyina sun kumbura, matata ta gasa su da ruwan zafi, ni kuma in yi ta yi mata faɗa a kan gishirin miya.

Direban ya dawo bayan an ci kasuwa an sake ci. Bai samo irinsa ba. A wajen masu gyaran fanka ya samu wanda raminsa ya hau ƙarfen daidai, amma faɗinsa ya gaza kaɗan. Dattijon ya saka shi a tayar, ya girgiza, muka ji yana ƙwal-ƙwal. Sai ya aika aka kawo gwangwanin madara. Ya yanko siririn ƙarfe ya naɗe boris ɗin, ya ɗora katako a kai yana bugawa a hankali har ya zauna, ya cika shi da giris.

"Shina kai ka inda za ka," in ji shi, "amma ba ni rantsuwa bisa gare shi."

Ya kai ni ɗin. Sai dai keken ya riƙa ja hagu, dole in ƙara ƙarfi a hannu ɗaya, kafaɗar nan har yau tana tuna mini in hadari ya haɗu.

Ba a sallame ni ba. Amma abokin aikina na teburin kusa, wanda kullum muke musun ƙwallo har a raba mu, bai sake musu da ni ba. Duk abin da na faɗa sai ya ce haka ne. Kafin damina ta ɗauke, shugabanmu ya sa aka kai tafiretata wani ɗan ɗaki kusa da ƙofar shiga, wai don a rage mini wahala. Ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli ne, taga ɗaya. Na yi godiya, don abin da ake jira in yi ke nan. A nan na zauna ni kaɗai har aka yi mini canjin wurin aiki.