Yadi Goma Na Alawayyo

Barunde, Litinin

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na bar gidana a unguwar Barunde ta Gombe, zan tafi Kano ganin likita. Jakata ba nauyi: kaftani biyu, tawul uku, gwangwanin hoda, robar man shafawa, kwalbar turare da takardun asibiti. Shirin jikin ne ya ci mana awa guda. Na yi wanka, na kwanta rigingine a ƙarƙashin fanka, matata Hajiya Dija ta ɗaga fatar cikina da hannu biyu ta riƙe har wurin ya sha iska. Sannan ta shafa mai, ta barbaɗa hoda, ta cusa ƙaramin tawul. Haka muke yi kullum sau uku, wata bakwai ke nan.

Ga wanda bai san ni ba, hatsi nake sayarwa a Tudun Hatsi, wake da masara da riɗi. Bara war haka, in na hau sikelin da muke auna buhu, kilo ɗari da hamsin da takwas yake nunawa. A kan kujera nake salla, goshina ya shekara huɗu bai taɓa ƙasa ba. Shi ya sa na je Masar aka rage mini tumbi. Aikin ya yi kyau, yanzu ina ɗari da ɗaya. Abin da ban yi tunani ba, ni da na tsufa a harkar, shi ne in an juye hatsi buhun yana nan. Fatar cikina ta zubo ta rufe mara har kan cinya. A ƙarƙashinta kuwa, inda iska ba ta shiga, wurin ya yi jawur, ya saɓule, yana tsatstsafo da ruwa, yana wari.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da masallacin unguwa. Ranar da na fara yin sujada a cikinsa bayan aikin, sai da na yi kuka. Ban daɗe ina murnar ba. Wata La'asar na lura na damana ya bar tazara tsakaninmu, na hagu ma haka. Liman ya ce a daidaita sahu a toshe giɓi, ba wanda ya matso. Ba su ce mini komai ba, mutanen kirki ne. Tun daga ranar a ɗaki nake salla, wata uku. Abin da zan je nema a Kano ke nan, a yanke fatar nan in koma sahu.

A bakin ƙofa Hajiya ta miƙo mini jaka ta ce, "Alhaji, ka faɗa wa likita komai. Ban da irin ta kasuwa."

Na ce, "Wace irin ta kasuwa?"

Ta ce, "Nuna saman buhu. Allah ya kiyaye hanya."

Tashar Dukku

Keke Napep ya sauke ni a tashar Dukku ta cikin Gombe biyar da minti goma. Ana sallar Asuba a masallacin tasha, ni kuwa na zagaya bayan wata rumfa na yi tawa. Ɗan kamasho ya san ni tun ina da jikina. Da na miƙa masa kuɗin kujera biyu na gaba, dubu goma sha uku kowace, sai ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai yanzu ɗaya ta ishe ka har da canji." Na ce ya dai rubuta biyu. Da can don ƙiba nake sayen biyu, yanzu don kada kowa ya zauna kusa da ni.

Direbanmu Buba ne, Bafillace dogo marar yawan magana. Mota ta cika, muka tashi shida da minti ashirin.

Dukku

Wajen kilomita saba'in da wani abu, muka iso takwas saura minti goma. Hanyar na da ramuka, kuma duk ramin da muka faɗa sai fata ta gogi fata, in ji kamar an barbaɗa mini barkono. Buba ya tsaya shan mai, na sayi fura da kindirmo na ɗari biyar wurin wata dattijuwa. Cokali huɗu na sha na ƙoshi, abin da sabon tumbin ke ɗauka ke nan. Da na mayar mata da ƙwaryar, ta leƙa ciki ta ce, "Ba daɗi ne, Alhaji?" Na ce da daɗi, cikin ne ƙarami. Ta dubi tudun da ke ƙarƙashin kaftanina, ta dube ni.

Shinge, kafin Darazo

Tara da kwata muka tarar da shingen bincike. Aka ce kowa ya sauko. Wani jami'i matashi yana bin mu ɗaya bayan ɗaya, ya zo kaina ya tsaya. Fuskata ta rame, wuyana ya rame, amma ga ƙullin abu a ƙasan ciki.

Ya ce, "Baba, me ka ɗaura a nan?"

Na ce, "Jikina ne."

Ya ce, "Ɗaga riga."

Na roƙe shi mu koma bayan mota, ya ce a nan dai. Ban ga laifinsa ba, mun san abin da aka sha ɗaurawa a ƙarƙashin riga a ƙasar nan. Na ɗaga kaftani a gaban fasinja shida, har da mata biyu. Ya nuna bakin tawul ɗin da ya leƙo ya ce, wannan fa? Na zaro shi. Hoda ta dame da gumi ta zama kamar kunu, ga jirwayen jini. Ya ja da baya taku ɗaya ya ce, "Sori, Baba. Allah ya ba da lafiya." Muka koma mota. Har garin Basirka ban ɗauke idona daga kan titi ba.

Birnin Kudu zuwa Wudil

Sha ɗaya da rabi muna Birnin Kudu, zafin bazara ya kankama. Na shiga banɗakin haya na naira ɗari na canja tawul, na fesa turare a wurin kamar yadda na saba. Raɗaɗin ya sa na dafa bango. Ban san ina ƙara wa kaina ciwo ba sai washegari.

Saura kamar kilomita ashirin mu kai Wudil, wani fasinja da ya hau a Birnin Kudu ya ja hanci daga baya ya ce, "Ikon Allah, tun daga nan ake jin ƙarnin kifin Wudil?" Na san ba kifi ba ne. Buba bai ko waiwayo ba, ya ce, "Iska ce ke kawowa, Malam," ya sauke gilashinsa har ƙasa. Ba zan manta masa wannan ba.

Kano

Biyu saura kwata muka shiga tashar Unguwa Uku. Ina sauka na tambayi inda zan sami Keke Napep, wani ya ce, "Adaidaita sahu kake nufi? Ga su can." Na san haka Kanawa ke kiransa, amma ranar sunan ya soke ni. Na yi tafiyar awa bakwai ina gudun kalmar, sai ga ta tana jira na da ƙafa uku.

A gidan ƙanena Sabi'u na sauka a Hotoro. Matarsa ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, na yi loma uku na wanke hannu. Sabi'u ya ce, "Yaya, mu leƙa masallaci ko?" Na ce gajiya ta yi yawa. Ya san ba gajiya ba ce, bai sake tambaya ba.

Talata, asibiti

Takwas na safe ni da Sabi'u muna wani asibitin kuɗi, sha ɗaya da minti goma aka kira ni. Likitan bai wuce sa'an babban ɗana ba. Ya sa safar hannu, ya ɗaga fatar, ya daɗe yana dubawa da fitila. Bai yamutsa fuska ba, na gode masa a zuci.

Ya ce, "Me kake shafawa, Alhaji?"

Na tuna maganar Hajiya, na zazzage komai a kan tebur: hoda, turare, da robar haɗin da wani mai kemis ya yi mini, mai kala uku a cakuɗe. Na ce haɗin nan yana da kyau, kwana biyu ƙaiƙayi ke kwantawa.

Ya ce, "Yana kwantar da ƙaiƙayi, yana kuma cinye fata. Wata nawa kana shafa shi?"

Na ce, "Shida."

Ya ce shi ya sa fatar ta yi laushi kamar takarda, tana tsagewa da ɗan motsi. Turare yana ƙona ta, hoda tana dunƙulewa ta riƙe danshi, tawul kuma yana gurza ta. Wato duk abin da ni da Hajiya muke tashi da asuba muna yi, ciwon muke ciyarwa.

Na ce, "To a yanke kawai, likita. Na zo da shirina."

Ya girgiza kai. Ya ce ba ya sa wuƙa a fata mai ciwo, ɗinkin ba zai kama ba. Ya nuna mini takardar gwaji, jinina ya yi ƙasa. Ga shi har yanzu ina ramewa, sai nauyina ya tsaya cak na wasu watanni. Na tambaye shi yaushe ke nan.

Ya ce, "Wata shida, in komai ya tafi daidai. Zai iya kai shekara."

Ni ɗan kasuwa ne, kaina ba ya jiran izini kafin ya yi lissafi. Wata shida salla ɗari tara ce. Na ce, "Likita, ba don kyau nake so ba. Masallaci nake son komawa." Ya ce warin zai ragu in ciwon ya warke, amma da zafin Gombe ba zai yi mini alkawari ba, abu ne mai tafiya ya dawo. Na so ya yi mini ƙarya ko kaɗan ce, bai yi ba.

Ya rubuta mini maganin shafawa ɗaya da na ƙarin jini. Ya ce wanka da sabulu marar ƙamshi safe da yamma, a tsane wurin ba gogewa, a busar da fanka. In ci ƙwai da kifi da wake. A maimakon tawul, a sa farin yadin auduga mai laushi, a wanke shi tukuna, a canja da zarar ya jiƙe.

Kantin Kwari

Biyu da rabi na shiga Kwari ni kaɗai, Sabi'u ya koma aiki. Na sami wani dattijo mai farin yadi, na ce alawayyo nake so, mai laushi. Nan da nan ya sauke murya.

Ya ce, "Inna lillahi. Allah ya jiƙan rai. Namiji ne ko mace?"

Sai a lokacin na tuna abin da ake sayen alawayyo dominsa. Na buɗe baki in gyara masa, sai na ji na ce, "Namiji ne."

Ya ce, "Mai jiki ne? In mai jiki ne sai a ƙara."

Na ce, "Da can mai jiki ne."

Ya auna yadi goma, ya rage mini kuɗi ba tare da na nema ba, ya ce Allah ya sa ya huta. Na ce amin. Na rungumi ledar na fito, ina tafe ina tunanin cewa ranar da za a naɗe ni a cikin irinsa, ranar ce za a yi sahu a kaina kafaɗa da kafaɗa, ba mai ja da baya. Na yi istigfari, amma tunanin bai tafi ba.

Laraba, komawa

Takwas na safe na bar Kano a wata motar, kujera biyu kamar kullum. Ba hoda, ba turare, sai tsohuwar singiletin Sabi'u da na ninke na sa. A shingen Darazo ba a sauke mu ba. Ban ci komai a hanya ba sai dafaffen ƙwai ɗaya a Dukku. Uku da rabi na yi sallama a gidana.

Hajiya ta karɓi jaka, ta dubi fuskata, ba ta tambayi ranar aiki ba. Na faɗa mata komai, har da cewa man da take shafa mini da hannunta shi ya ɓata wurin. Ta zauna a bakin gado. Sannan ta buɗe ledar, ta ga farin yadin.

Na ce, "Ki yanka rabi ƙanana. Rabin kuma ki ninke ki sa a ƙasan akwati, kada a sha wahalar nema."

Ta dube ni. Ta tashi ta ɗauko almakashi, ta shimfiɗa yadin a tsakar ɗaki, ta fara yankawa, faɗin tafin hannu, tsawon kamu ɗaya. Ta kai rabi, na ce ya isa. Ba ta ko ɗago ba. Ta ci gaba har ƙarshe, hawaye na ɗiga a kan yadin, sai da ya zama ba ƙyalle ɗaya da zai iya naɗe ko jariri.

Ta ce, "Duk na wanki ne. Tashi ka yi wanka, Alhaji."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Buba, da Sabi'u da iyalinsa, da likitan da bai ɓoye mini gaskiya ba, da dattijon Kwari da ya yi mini addu'a bai sani ba. Ita kuwa Hajiya ban san da bakin da zan gode mata ba.

Ina kwance a ƙarƙashin fanka, tana riƙe da fatar da hannu biyu, aka tayar da La'asar a bayan katanga. Muka ji Liman ta lasifika yana cewa a daidaita sahu, a toshe giɓi. Da wurin ya bushe na tashi, na shimfiɗa dardumata a gefen gado, na yi ta farko cikin ɗari tara.