Warin da Inna Ta Gane

Har na yi ritaya ban manta da wata ranar Laraba ba, lokacin ina babban nas mai kula da ɗakin maza a wani asibiti na yankin Anka. Da hantsi aka sauko da wani mutum daga babur, Sani, mai haƙar zinari daga wajen Bagega. Bai kai shekara arba'in ba. Cikinsa ya kumbura, idanunsa sun yi ɗorawa.

Ƙa'idar aikinmu ita ce a fara gwada jini don neman ciwon hanta mai yaɗuwa, tunda kuma mahaƙi ne, a duba gubar dalma. Ba a sami abin da zai kai shi ga wannan hali ba. Amma hoton ciki ya nuna hantar ta tsuke, da wani ƙulli a gefenta.

Washegari da azahar ina duba shi, mahaifiyarsa, Inna, tana zaune a bakin gado. Numfashinsa na fitar da wani wari mai zaƙi-zaƙi, kamar ruɓaɓɓen mangwaro.

"Malam, kak ku wahal da kanku," in ji ta. "Na san warin ga. Da shi ubanai yat tahi, ƙanen ubanai ma hakanan."

Na sa Sani ya miƙa hannuwa, suka riƙa kaɗawa da kansu kamar fukafukai. Sai ya ƙura wa ƙofa ido ya ce, "Baba, shigo mana. Mi kaka yi nan tsaye?"

Babu kowa a ƙofar. Na san guba ce da hanta ta kasa tacewa ta hau ƙwaƙwalwa, amma sai da na sake duba ƙofar.

Ba a jima ba wansa Umaru ya shigo, ƙaƙƙarfan mutum, da kwanon fura a hannu. Ya durƙusa ya gaida uwar. Ta riƙe wuyan rigarsa, ta jawo kansa tana shinshina numfashinsa, ta daɗe ba ta sake shi ba. Sannan ta dube ni.

"Shi ma ya soma."

Ni ban ji warin komai a jikinsa ba. Duk da haka na ja shi baranda na tambaye shi a hankali me suke sha. Ya ce maganin ƙarfin jiki ne na ƙananan ledoji, wanda ake sayarwa a ɓoye a bakin ramukan haƙar zinari. Ya san da barasa a ciki. Mahaifinsu ma yakan sha burkutu in ya je cin rani.

"Amma Malam, leda guda ko biyu muka sha. Abokanmu na shan ninkin haka, ga su nan garau. Gidanmu anka yi ma asiri."

Na kai shi wurin likita, ya yi masa hoto. Hantarsa ta tara kitse, tabo ya fara kama ta.

"Malam Umaru, ba asiri ba ne," likita ya ce masa. "Yadda ake gadon tsawo da kamanni, haka ake gadon irin hanta. Ta wasu gidajen ba ta jure barasa, ɗan kaɗan ke lalata ta, har ta kai ga ciwon daji. Taka tana da sauran gyara, in ka bari yau."

Mun tura Sani babban asibiti a Sakkwato. Bai dawo ba. Umaru ya bar ramuka ya koma noman gero, kuma duk wata shida yana zuwa hoto har na bar aiki.

Ku masu tasowa a aikin jinya, kada ku auna mara lafiya da abin da abokinsa ya sha ya kwana lafiya. Ku tambaye shi me ya kashe ubansa, ku kuma tambayi abin da yake sha a inda ba mai ji. In tsohuwar da ta yi jinyar mutum uku ta ce ta ga wani abu, ku ajiye biro ku saurare ta. Yadda Inna ta gane na Umaru kuwa, har yau ban sani ba.