Lasifikar da ba ta tafiya ita kaɗai

Shekarun baya, bakwai ko takwas, ban riƙe ba, na tashi daga unguwar Aboabo na koma unguwar Vittin. A shekarar matata ta tafi Kumasi wajen 'yan'uwanta ba ta dawo ba. Ba zan faɗi laifin wa ba, don nawa ya fi yawa. Wajen kwashe kaya na tsinci garmahon mahaifina a ƙarƙashin gado, da akwatin faya-fai na tsohon kiɗan hailaif. Na sa wuta, faifai ya juya, amma babu sauti, don amfilifayarsa mai ƙara ƙarfin sauti da lasifikokin sun daɗe da zama tarihi.

A wajen wata jana'iza na haɗu da abokina, wanda muka taso tare muna laɓewa a tagar mahaifina muna sauraren waɗannan faya-fan. Tun da na tashi bai taka gidana ba. Babu ma wanda ya taka. Sai bakina ya riga ni, na ce masa garmahon tsoho ya tashi.

"Ƙarya kake, mutumina," ya ce.

"Ka zo Juma'a bayan la'asar ka ji ƙaryar."

Washegari na hau moto, wato babur ɗina, na shiga gari, shagon wani mai sayar da tsofaffin kayan wuta na waje. Mutumin kudu ne, Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa. Ya nuna mini lasifikoki biyu ya ce su zan ɗauka, don amfilifaya tana cikin cikinsu, ba sai na nemi wata ba. Na ɗaga ɗaya, nauyi, ga maɓallai a baya. Ni kuwa idona yana kan wata guda a lungu, baƙa, kyakkyawa, marar nauyi, babu abin murɗawa balle ya lalace.

"Waccan nake so."

"A'a, Massa. Wancan mata ne. Miji shi ne mai wuta, kuma mijin shi ya ƙone. Mata ba ya tafiya shi kaɗai."

Ban san abin da ya hau kaina ba. Na ce, "Wa ya gaya maka mata ba ta tafiya ita kaɗai? Tawa ta tafi har Kumasi, ba ta ɓata ba."

Ya buɗe baki zai yi bayani, na ce ɗakina ɗaya, ni ɗaya, lasifika ɗaya ta ishe ni, kada ya yi mini wayon 'yan kasuwa. Ya ɗaga kafaɗa ya ɗaure mini ita a bayan moto. Ni da na bar makaranta a aji huɗu, na tafi ina jin na ci mutumin kudu.

A gida na ga wayar garmaho ba ta shiga bayanta. Ban tsaya tunani ba, na yanke kan wayar da reza, na murɗa na cusa. Ban gwada ba. Wallahi ban gwada ba, wai ina so mu fara ji tare.

Ranar Juma'a na share ɗaki, na ari kujera a maƙwabta, na dafa shayi. Abokina ya zo yana jan ƙafa, don ciwon sukari ya fara cinsa. Ya zauna, na ɗora faifai, na sauke allura a hankali kamar yadda mahaifina yake yi.

Shiru.

Na jijjiga waya. Na mari lasifikar. Na zagi mai shago, na zagi garinsu.

"To, maigida," in ji abokina, "wannan waƙar ta kurame ce? Ai da ka faɗa na zo da surukata."

Kunya ta rufe ni. Na ga zai shanye shayinsa ya tashi, shi ke nan, ya koma Aboabo ya ba da labari. Na kai hannu zan ɗage allurar, sai ya riƙe ni.

"Tsaya. Kashe fankar nan."

Na kashe. Ya matso da kujera, ya kwantar da kai dab da faifan. Ashe allurar da kanta tana waƙa, siririya kamar kukan sauro. Na kawo kunnena ni ma. Ga kakaki, ga ganga, ga muryar, duk ƙanana. Kawunanmu suna gugar juna, gumi yana zuba, ina jin warin man zafin da yake shafa wa gwiwa. Haka muka ji gefe ɗaya har ya ƙare. Ya ce, "Juya, kai, me kake jira?" Muka ji ɗayan. Sai kiran magariba ya tashe mu.

Bayan mako biyu na haɗiye girman kai na koma shagon. Mutumin bai yi mini dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Na ɗauki biyun nan, miji da mata, da wani ɗan akwati da ya ce dole ya shiga tsakaninsu da tsohon garmaho. Ya gyara mini wayar da na yanke. Sauti ya fito har gilashin taga yana rawa.

Na kira abokina. Ya ce zai zo in ƙafa ta yi sauƙi. Ina da moto. Minti ashirin ne tsakaninmu. Amma na ce ni na sayi kaya, shi ya kamata ya zo. Na jira. Damina ba ta ƙare ba muka kai shi makwancinsa.

In za ku sayi lasifika wa garmaho, ku tambaya wacce ce mai wuta, kuma ku bar mai shago ya gama maganarsa. Iyakar abin da na koya ke nan, sauran ban koya da wuri ba. Kayan suna nan, suna aiki lafiya. Ranar da mai shagon ya zo haɗawa, ya auna ɗakin da taku, ya nuna mini wuri ɗaya a tsakiya, ya ce nan kaɗai sautin yake cika, mutum ɗaya yake ɗauka. Ya faɗa kamar mai ba da haƙuri. Na ce masa babu komai, na mayar wa maƙwabta kujerarsu.